Jan Zare a Wuyan Kwalba

Makon jiya maƙwabciyata a nan Nguru ta yayyafa fiya-fiya a ɗakinta saboda kuɗin cizo, warin ya tsallako katanga ya same ni ina tankaɗen gari. Ban san lokacin da na ajiye rariyar ba. Sai dai na ji hannuna a goshi, ina shafa tabon da ke saman girata ta hagu, wanda yarana suka yanke wa kansu hukuncin cewa daga bishiya na faɗo don ƙiriniya. Ban taɓa gyara musu ba. In ka san warin maganin ƙwarin nan, ka san kafin ya isa hanci ya riga ya kama maƙogwaro. Ni kuwa ɗaukata yake yi cak ya dire ni a Gashuwa, a ƙofar shagon Baba, ranar da mutanen garinmu suka zo kashe shi.

Baba mai kemis ne. Kakansa Bakano ne da ya biyo jirgin ƙasa zuwa Nguru da fataucin goro, ya ga wuri ya zauna. Shi Baba a Nguru ya koyi sayar da magani a hannun wani ɗan ƙabilar Ibo, da maigidan ya sallame shi sai ya gangara Gashuwa ya buɗe nasa, a bakin hanyar da ke sauka kogi. Ɗaki ɗaya ne, rufin kwano, katakai jere a bango har sama. Kaya kan zo a jirgi su sauka Nguru, babbar mota ta ƙaraso da su, mu yara mu yi ta dambe a kan kwalayen. Akwai kafso ja da rawaya, da ƙwayar zazzaɓi mai ɗacin da kan sa yaro ya yi wuni yana gaba da uwarsa, da man zafi, da ruwan tari mai zaƙi wanda na sha yin tarin ƙarya dominsa. Gari duka Dakta suke ce masa. Kullum sai ya ce shi ba likita ba ne, kullum kuma sai ya amsa.

Masu zuwa wurinsa yawancinsu ba su san boko ba. Masunta ne, da manoman fadama daga Katuzu, da Fulani masu saukowa daga wajen Yusufari ranar kasuwa. Ko ka karanta musu rubutun jikin kwalba har ka gaji, kafin su kai gida ya bi iska. Sai Baba ya fito da tasa dabarar. Ya kafa ƙusoshi uku a jikin kantar shagon, ya rataya wa kowacce dunƙulen zare. Jan zare na tari ne, a sha. Farin zare na ciki ne, shi ma a sha. Baƙin zare na shafawa ne, ko kusa da baki kada ya je. Yawan ƙullin kuma shi ke nuna sau nawa za a ba da a wuni. Har yau ina ganin yatsunsa, ya zagaya wuyan kwalbar, ya ƙulla, ya tsinke da haƙori, duk yana hira da mai saye bai ko duba ba. Cikin 'yan shekaru gari ya haddace zaren nan. Tsohuwa takan aiko jika ta ce a ba ta mai jan zare, ba ta san wani suna ba, ba ta kuma buƙatar sani. Baba yakan yi fahariya cewa takardar jikin kwalba tana saluɓewa in ta ji ruwa, amma ƙullinsa sai wuƙa.

A gidanmu mutum ɗaya ce ba ta yarda da kwalaben nan ba, Kaka, wadda ta haifi Inna. 'Yar Bade ce daga Katuzu, gajeriya, mai faɗan tsiya, ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta. Ruwan tarin Baba ruwan alawa take kiransa. Ita in ka yi tari sabara za ta dafa, ta matse ka tsakanin gwiwoyinta ta ɗura maka. Amma duk wannan tsiyar a bayan idonsa take yi, don tsakaninta da Baba kunyar surukuta ce irin ta da, wadda yanzu ba a yi. Ba ta taɓa kallon fuskarsa ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba. In ta ji sallamarsa sai ta ja mayafi ta juya wa bango. In magana ta zama dole sai ta faɗa wa Inna, in Inna ba ta kusa ta faɗa min, in ni ma ba na nan ta faɗa wa akuyar da ke turke, shi kuma yana tsaye kansa a ƙasa yana amsa wa akuya. Man zafin gwiwarta kuwa ni take aika in karɓo, in ce Inna ce ke so.

Akwai abu guda da ya kamata ka sani game da garinmu a lokacin: ba a yar da kwalba. In magani ya ƙare a wanke ta, a zuba man gyaɗa, ko kananzir, ko humrar amarya. Wadda ba a buƙata a ba yara su kai wa masu sayen kwalabe su karɓo alawa. Daga hannun masu sayen kwalabe kuma take zuwa wurin masu fiya-fiya, su ɗura gubarsu su baje a tebur a layin 'yan kifi. Don in ruwa ya ja baya bayan damina, kifi yakan yi yawan da har kyanwa ta ƙoshi ta kau da kai. Kowane gida na masunta da murhun bandarsa, hayaƙi ya kwanta a kan gari, yara su yi ta tari. Busasshen kifin nan kafin a loda shi a mota zuwa kudu ƙwari sun fara cinsa, shi ya sa ake yayyafa masa fiya-fiya. Kowa ya sani, kowa yana ci, ba mai magana.

Baba ne ya yi magana, kuma daga nan aka fara. Yana cikin dattawan da kan zauna a zauren Lawan, mai unguwarmu, a tattauna sha'anin gari: yashe kwata, gyaran rijiya, inda za a mayar da juji, wanda za a ba rumfa a kasuwa. Shi mutum ne mai son zaman nan, har Inna kan ce da ana biyan albashin surutu da mun gina bene. A wani zama ya tashi ya ce mutane suna zuwar masa da amai da ciwon ciki bayan sun ci miyar kifi, ya roƙi a kori masu fiya-fiya daga layin 'yan kifi, a hana yayyafawa. Shugaban dillalan kifi, wani ƙaton mutum mai muryar ganga, ya miƙe ya tambaye shi ko a Kano kakansa ya ga kogi da zai koya wa 'yan gari yadda ake adana kifi. Magana ta yi zafi, wani saurayi ya jefo buta, aka kaure. Baba ya dawo gida rigarsa a yage, leɓensa a fashe. Lawan ya ce a bar maganar sai bayan kakar kifi, wato dai a bar ta.

Ba a bar ta ba. Washegari aka zuba masa ruɓaɓɓen hanjin kifi a ƙofar shago. Sai raɗe-raɗi ya fara yawo a kasuwa cewa Dakta lalataccen magani yake kwasowa daga Nguru, wanda 'yan birni suka ƙi, shi ne ke sa mutane amai, yana so ya ɗora wa kifi. Mutanen da Baba ya tashi daga kan abinci ya ɗaure musu rauni suka fara wucewa ba sallama. Ni ina yarinya ban fahimci komai ba, na dai lura 'ya'yan masunta sun daina sa ni a wasan gaɗa, abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, na kai wa Baba abinci na zauna a kan benci ina jiran kwano. Sai muka ji kururuwar mata daga unguwar masunta, irin wadda ba a yi sai an yi mutuwar farat ɗaya. Can sai kururuwar ta koma hayaniyar maza, kuma tana matsowa. Telan da ke maƙwabtaka da mu ya faɗo shagon ba hula.

"Dakta, ka bi ta baya ka tafi. Kai suke nema."

Ya faɗa masa abin da ya ji a gurguje. Ɗan wani masunci, yaron da bai daɗe da yaye ba, yana fama da tari. Uwarsa ta tafi ɗiban ruwa, kakarsa ta ɗauko kwalba mai jan zare ta ba shi cokali guda. Ta ga tarin ya ƙaru, ya shaƙe, sai ta ƙara masa wani. Yaron ya fara kumfa ta baki da hanci, jikinsa yana fizga, kafin a kai shi bakin titi ya cika. Baba ya ce ba zai gudu ba, ruwan tarinsa ko jariri ya shanye kwalba guda barci kawai zai yi, su zo su nuna masa kwalbar. Ya wanke hannu ya fito bakin ƙofa ya tsaya. Na sha tunanin tsayuwar nan tasa, wani lokaci in ji alfahari, wani lokaci in ji haushinsa har wuya.

Suka iso. Na san fuskokin duka, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Ga mai kai mana itace, ga wanda kan ba ni ƙananan kifi kyauta a bakin kogi. Wani saurayi yana gaba, ya ɗaga kwalbar sama, murfinta a rufe, jan zaren yana reto. Kusa da shi uban yaron ne, daga kogi aka kira shi, wandonsa jiƙe har cinya, yana riƙe da filafilin kwalekwalensa. Ba ya ihu kamar sauran, idanunsa ne kawai suka yi jawur. Baba ya ɗaga hannu ya ce a miƙo masa kwalbar ya gani. Shugaban dillalai ya amsa daga tsakiyar taro.

"A ba shi ya fasa, shaida ta ɓace? Wa ke ɗaura jan zare a garin nan in ba shi ba?"

Dutsen farko ya wuce kan Baba ya sami katakon sama, kwalabe suka zubo kamar ruwan ƙanƙara. A nan wata ta fashe a goshina. Ban ji zafi ba, ɗumi na ji yana gangarowa cikin idona. Baba ya juyo ya tura ni ƙarƙashin kanta da ƙafa, wannan juyowar ce ta ba su bayansa. Suka finciko shi da wuyan riga suka fitar da shi waje. Daga inda nake ƙafafu nake gani, da ƙura, da farar rigarsa tana komawa ja. Suna dukansa da gora, da itacen banda, da takalmi, wani da bencin da na tashi daga kai. Wasu suka shigo suka ture katakan, ruwan tari da man zafi da aidin suka haɗu suka malale ƙasa, suka jiƙa min zane. Ina jin muryar Baba tana fita tsakanin duka, abu ɗaya yake maimaitawa, a nuna masa kwalbar. Daga baya muryar ta daina fita.

Sai na ji shugaban dillalai ya ce hannun da ya ɗaura zaren, da shi za a fara. Na rarrafo na leƙa, da ma ban leƙa ba. Mutum biyu suka ja hannun Baba na dama suka shimfiɗa shi a kan dutsen dokin ƙofa, ɗaya ya taka tsintsiyar hannun. Uban yaron ya ɗaga filafili da hannu biyu ya sauke gefensa a kan yatsun. Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Ya sake ɗagawa ya sake saukewa. Baba ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba, na fito da gudu na rungume ƙafarsa, wani ya yi jifa da ni gefe. A lokacin ne aka fara kiran a kawo taya da fetur, na ga yara biyu sun ruga wajen masu sayar da mai a bakin tasha.

Ban ga zuwan Kaka ba, muryarta na fara ji. Tela ne ya ruga gida ya faɗa. Ta fito ba mayafi, ba takalmi, kanta a buɗe, furfura a tsaye, tana ratsa maza tana zaginsu da Badanci, tana kiran kowa da sunan uwarsa da kakarsa, don yawancinsu ta san gidajensu tun daga Katuzu. Ta iso inda Baba yake kwance, mutumin da shekara da shekaru ba ta yarda inuwarsu ta haɗu ba, ta faɗa a kansa ta rufe shi da jikinta. Wata gora da aka riga aka ɗaga ta sauka a gadon bayanta, na ji ta yi nishi. Wanda ya yi dukan ya saki gorar ya ja da baya. Ta ɗago kai, jinin Baba a kumatunta, ta miƙa hannu wajen saurayin nan, ta juya harshe zuwa Hausa don kowa ya ji.

"Miƙo kwalbar nan. In ɗana guba yake sayarwa, ni zan fara sha a gabanku."

Ɗana ta ce. Ko a cikin wannan tashin hankali sai da kalmar ta shiga kunnena.

Saurayin ya dubi shugaban dillalai, ya dubi tsohuwa, ya miƙa. Ta murɗe murfin ta kai baki, sai ta tsaya. Warin ya riga ta. Na kusa suka ji, na bayansu suka ji, kuma duk taron nan babu wanda bai san shi ba, da shi suke kwana da shi suke tashi. A gidan da aka yi mutuwar ma warin nan ne a ko'ina saboda kifi, shi ya sa ba wanda ya lura da shi a bakin yaron. Ihu ya fara mutuwa daga gaba yana komawa baya. Kaka ta miƙe da ƙyar, ta taka zuwa gaban uban yaron, ta kai masa bakin kwalbar ƙarƙashin hanci.

Na ga fuskar mutumin nan tana sauyawa, kuma ba na yi wa ko maƙiyina fatan irinta. Ya dubi kwalbar, ya dubi zaren, filafilin ya zame daga hannunsa.

"Wannan ai tawa ce," in ji shi, a hankali. "Ni na saya."

Ranar kasuwa ya saye ta a teburin mai fiya-fiya, an naɗe masa a takardar siminti, ya kai gida ya ɗora a kan katangar murhun banda. Shi namiji ne da bai taɓa ba yaro magani ba, bai ko kalli wuyanta ba. Wani gida ne can suka sha ruwan tarinsu ya ƙare, suka wanke kwalbar, takarda ta saluɓe, ƙullin Baba ya zauna daram. Uwarsa kuwa, wato kakar yaron, shekarun da ta yi a bakin murhu sun kashe mata hanci, idonta ma ya yi rauni, amma tana gane ja. Ta ga jan zare, ta yi abin da gari duka ya koya.

Mutumin ya juya ya kai wa bangon shagonmu karo da kansa. Ya ja baya ya sake, ya sake, har goshinsa ya tsage, sai da maza huɗu suka kayar da shi suka danne. Yaran da aka aika suka dawo da taya da jarkar fetur suka tsaya suna rarraba ido. Kana tsammanin daga nan kowa zai sunkuyar da kai ya tafi gida? Haka ni ma na zata. Amma taron da ya riga ya ga jini ba ya watsewa haka nan. Wani ya ce mai fiya-fiya, sai suka kwasa suka nufi kasuwa da tayarsu da feturinsu. Suka ƙone masa tebur, suka karya masa haƙarƙari, da ƙyar mahauta suka ja shi cikin rumfarsu suka tsaya a ƙofa da wuƙaƙe, har 'yan sanda suka iso da barkonon tsohuwa. Waɗanda suka dake shi, a jikinsu akwai warin abin da suka saya a wurinsa. Shugaban dillalai kuwa tun da aka buɗe murfin kwalba ba a sake ganin ƙeyarsa ba, wai tafiya ta kama shi zuwa kudu.

A amalanke tela ya tura Baba asibiti, ni ina gefensa an ɗaure min goshi da ɗankwalin Inna. Ya rayu. An ɗinke kansa, haƙarƙarin ya haɗe, amma yatsun hannun dama sun murƙushe yadda ba asibiti ba, ko maɗorin da Kaka ta sa aka ɗauko daga Katuzu sai da ya girgiza kai. Suka warke a sandare, ba sa lanƙwasuwa. Mutumin da ke ƙulla zare bai duba ba, ya koma mazagin wandonsa ma sai Inna ta ɗaura masa.

Da ya iya takawa, Lawan ya kira zama don a ba shi haƙuri. Zauren ya cika har waje. Aka yi ta jawabi a kan ƙaddara da zumunci, wasu suka ce a kai waɗanda suka yi dukan kotu. Baba ya ce ba ya son kotu, ba ya son a gyara masa shago, abu ɗaya yake roƙo: duk kwalbar da ke da zarensa a wuya, a kowane gida take, a kawo ta. Mai shela ya zaga gari da ƙauyukan kusa. Kwalabe suka taru tsibi a ƙofar gidan Lawan, ana buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana sunsunawa. Mai jan zare da kananzir a ciki. Mai farin zare da ruwan batir. Kwalaben da ke da fiya-fiya a ciki kuwa, masu jan zare da fari, sai da aka ware musu gefe guda, matan da suka zo kallo suka yi ta salati suna janye 'ya'yansu. Aka haƙa rami a bayan juji aka farfasa su ciki aka binne. Uban yaron ne ya haƙa ramin shi kaɗai, kansa a naɗe da tsumma, ya hana kowa taɓa shebur. Baba yana tsaye a bakin ramin, hannunsa rataye a wuya. Ba su ce wa juna uffan ba, ranar ko bayanta.

An kori masu fiya-fiya daga layin 'yan kifi a zaman nan. Korar ta yi kaka ɗaya, ta biyu suka dawo. Tsohuwar da ta ba da cokalin ba ta ga damina ba, ta daina cin abinci, ta daina magana. Kaka ce kaɗai ke zuwa ta zauna da ita. Ita Kaka kuwa, washegarin abin ta ja mayafinta ta juya wa bango kamar ba ita ba. Shatar gorar nan tana bayanta har ta koma ga Allah, ni na gani da muna yi mata wanka. Baba ya taɓa tsayawa a tsakar gida ya ce wa Inna ta yi masa godiya wurin tsohuwa. Kaka ta dubi akuya ta ce a faɗa wa mai godiya ita ba don kowa ta yi ba, kukan marayu ne ba ta iya ji.

Baba ya sake buɗe shagon, yana miƙa magani da hagu, amma ya cire ƙusoshin nan uku. Tsofaffi suka yi ta roƙo, in hannunsa ne ba ya iyawa ya sa 'yarsa ta ɗaura. Ya ƙi. Ya ce kowa ya zo da ɗan makaranta a karanta masa. Wasu suka yi fushi suka koma wani kemis. A zauren Lawan ma ya rage zuwa, in ya je ba ya tashi tsaye. Wannan shirun nasa ya fi hannun yi min ciwo.

Yanzu kemis ya cika Nguru da Gashuwa, kowane lungu da nasa, wasu yaran ma ruwan tarin suke saye su sha don maye a bayan keke mai ƙafa uku. Kusan kowane gida akwai mai iya karatu. Fiya-fiya kuwa tana nan, kuma har yau a kwalbar da aka samu ake ɗura ta. Ranar nan da warin ya tsallako, na shiga gidan maƙwabciyata na tarar da fiya-fiyar a kan taga, a kwalbar maganin yara, ɗanta yana rarrafe a ƙasa. Na ɗauke na sa ta a saman rufin bayi, ta yi dariya ta ce Hajiya kin cika tsoro. Na ce eh.

A nan wurina Baba ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Yanar ido ta rufe masa gani, asibiti kuma suka haɗo shi da kwalabe har da na shafawa a ƙafa, duk girmansu ɗaya. In na fita aiki sai ya zauna da tarinsa yana jira, don ba ya yarda ya taɓa ko ɗaya. Wata safiya ina shirin fita ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina ƙarama, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata, samo zare. Ja, da fari, da baƙi."

Na tsaya ina kallonsa, ya ce ja yana iya ganinsa har yanzu. Na ɗauko a kwandon ɗinkina na zauna a gabansa na ɗaura. Ya laluba da hagu, ya ce ƙullina na 'yan koyo ne, in kwance in sake. Na sake har ya gamsu. Ya riƙe mai jan zaren a tafinsa ya daɗe, sannan ya ce in ya ƙare in fasa kwalbar da hannuna, kada in wanke, kada in ba kowa.

Bai ƙare ba, saura rabi Baba ya rasu. Bayan an share makoki na zubar da sauran a kwata, na kai kwalaben bayan gida na ɗora a kan dutse na sa taɓarya. Suka tarwatse duka, sai wuyan kwalbar tarin ya yi tsalle gefe, jan zaren yana nan a jikinsa, ƙullin bai ko motsa ba. Na haƙa rami na binne shi da zurfi.